Idanun Da Zan Zuba A Jakar Hotona

 Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne idon kyamara, watau gilashin nan da ke gaban na'urar ɗaukar hoto, wanda haske ke bi ta cikinsa kafin hoto ya samu. A ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto babu gardamar da ta fi yawan tashi kamar wannan: in aka ba ka jaka aka ce ka zuba idanun da kake so, waɗanne za ka ɗauka? Wasu su ce goma, wasu su ce guda ɗaya mai yin kome da kome. Ni dai uku zan ɗauka, in aljihu ya yarda in ƙara na huɗu. Zan faɗe su ɗaya bayan ɗaya, amma sai na fara da bayanin lambobin da ke rubuce a jikinsu, domin wanda bai san ma'anarsu ba, ko ɗalibi ne ko uban da zai fid da kuɗi, mai kanti zai juya shi yadda ya ga dama.

Da farko, me ya kawo ido a jikin kyamara? Ai siffa tana iya bayyana ko babu gilashi. In ka rufe ɗaki ya yi duhu ƙirin da rana tsaka, sa'an nan ka huda ɗan ƙaramin rami a taga, za ka ga siffar abin da ke waje ta fito a bangon da ke fuskantar ramin, amma kai ƙasa ƙafa sama. Wani babban malami, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaje-gwaje da irin wannan ɗaki mai duhu, ya kuma rubuta littafi a kan haske da gani mai suna Kitabul Manazir. Matsalar rami ita ce, in ƙarami ne siffar takan fito amma da duhu, in kuwa an faɗaɗa shi haske ya ƙaru amma siffar ta dagule. Gilashi mai tudu a tsakiya shi ya raba wannan gardama, don yana karɓar haske mai yawa, ya lanƙwasa shi, ya tara shi wuri guda. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda a rana da gilashin ƙara girma na ɗakin kimiyya ya ga haka da idonsa.

Lamba ta farko da za ka gani a jikin ido ita ce tsawonsa, ana rubuta ta da milimita: 28, ko 50, ko 200. Ba tsawon gwangwanin da gilasan ke ciki ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne ratar da ke tsakanin inda ido ke lanƙwasa haske da inda siffa ke sauka, idan an saita shi a kan abu mai nisa ƙwarai. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne wannan: ƙaramar lamba tana ganin fili mai faɗi amma kome ya fito ƙarami, babbar lamba kuwa tana ganin ɗan tsukin wuri amma ta jawo shi kusa. Ido mai 28 yana ɗebo digiri 75 daga kusurwar hoto zuwa kusurwa, mai 50 yana ɗebo wajen digiri 47, mai 200 kuwa digiri 12 kacal. Wannan lissafi an yi shi ne a kan ma'aunin da wani Bajamushe, Oskar Barnack, ya zaɓa wa kyamarar Leica da ta fito kasuwa a 1925, watau hoto mai faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24 a jikin fim. Yau an bar fim sai 'yan kaɗan, an koma ga wani ɗan allo mai karɓar haske a cikin kyamara, amma har yanzu da wancan ma'auni ake kwatanta kome.

Lamba ta biyu ita ce wadda ke bin harafin f, kamar f/1.8 ko f/4, ita ce ke faɗin girman ƙofar haske. A cikin ido akwai waɗansu siraran faifan ƙarfe da ke buɗewa su tsuke, kamar yadda ƙwayar idon kyanwa kan buɗe da dare ta tsuke da rana. Ana samun lambar ne in an raba tsawon ido da faɗin ƙofar. Alal misali, ido mai 50 wanda ƙofarsa ta buɗe milimita 25, an sami f/2 ke nan. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, abin da ke rikita kowane sabon shiga. Lambobin suna tafiya a jere kamar haka: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma duk matakin da ka hau ka rage rabin haske. Wanda ya saurari darasin da'ira a ajin lissafi zai gane dalili, domin in ka ninka 1.4 da kanta kusan 2 za ka samu. Lambar da aka buga a jikin ido kuwa, ita ce iyakar buɗewarsa, kuma mafi yawan kuɗin da ake biya saboda ita ne.

Kada 'yan'uwana masu gudun lissafi su ce wannan ba ruwansu. Sa'ad da Louis Daguerre ya bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, idanun lokacin ba su shigar da haske sosai, mai son hotonsa sai ya zauna mintoci a rana bai motsa ba. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Joseph Petzval, ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafo sabon ido mai f/3.6, wanda ya shigar da haske fiye da ninki goma. Zaman ya ragu ya koma ƙasa da minti guda, daga nan ne sana'ar ɗaukar hoton mutane ta kankama.

To, na farko a jakata, wanda ko shi kaɗai aka ba ni ba zan yi ƙorafi ba, shi ne mai 50, f/1.8. Ana kiransa matsakaicin ido, domin in ka auna hoton nan na Barnack daga kusurwa zuwa kusurwa za ka sami wajen milimita 43, kuma duk idon da tsawonsa ya yi kusa da wannan, hotonsa kan fito ba a matse ba, ba a kuma baje ba, kamar dai yadda mutum ya tuna wurin. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wannan ido ya ƙaryata karin maganar. Kusan kowane kamfani, yana cikin mafi arahar idanun da yake sayarwa, ga shi kuma hotonsa tsaf. Dalili kuwa shi ne ƙirarsa tsohuwa ce wadda aka daɗe da gwanancewa a kanta, asalinta yana komawa ga irin tsarin da Paul Rudolph ya yi wa kamfanin Zeiss a 1896. Gilasai shida ko bakwai ne a ciki, ba wani abu. Na kamfanin Canon nauyinsa giram 160 ne, bai kai gwangwanin madara cike ba.

Babban abin da ya sa na fifita shi shi ne haske. Ƙananan kyamarori da yawa an sayar da su tare da wani ido mai 18 zuwa 55, wanda in ka miƙa shi zuwa 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 akwai bambancin haske kusan ninki goma. Bari in kwatanta. A ce ranar ba da kyaututtuka ce a babban ɗakin taro, ga 'yan fitilu biyu ko uku, ƙanenka ya hau dandamali zai karɓi kyauta. Idan idon da ya zo da kyamara yana bukatar kashi ɗaya cikin 10 na sakan kafin ya tara hasken da ya isa, mai 50 zai gama da kashi ɗaya cikin 100. A na farko hannun da ya miƙa zai fito kamar hayaƙi, a na biyu kuwa har zanen hularsa za ka gani. Haka abin yake a wurin kamu ko walima bayan magariba, da ɗakin jego ranar suna, inda ba kowa ne zai so a haska wa jariri fitila a fuska ba. Mafi yawan hotunan da iyali za su so su ajiye, a irin waɗannan wurare masu ƙarancin haske ake ɗaukarsu.

Sa'an nan wannan ido malami ne. Tun da ba ya miƙewa ba ya tsukewa, in kana son abu ya cika hoto sai ka taka ka matsa, in kana son ƙarin fili ka ja da baya. Wanda ya yi wata shida da shi, tun bai ɗaga kyamara ba ya san abin da zai shiga da abin da zai fita. Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda ya rasu a 2004, ya zaga duniya yana ɗaukar hotunan da har yau ake koyarwa da su, kuma mafi yawansu da mai 50 ya ɗauka. A nan Afirka ta Yamma ma, Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da 'yar akwatin Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, J. D. 'Okhai Ojeikere na ƙasarmu, wanda ya shahara da hotunan kitson mata, shi ma da Brownie ya fara a 1950. Ita kuwa Brownie ido ɗaya gare ta, ba ya ma cirewa.

Wasu abokaina sun fi son mai 35, suna cewa ya fi shiga ɗaki. Ba su yi ƙarya ba, ido ne mai kyau, da yawa daga cikin 'yan jarida da shi suke aiki. Amma tun da akwai mai faɗi a jakata, ban ga amfanin ɗaukar biyu masu kama da juna ba.

A nan akwai gargaɗi guda ga iyaye. Kyamarorin da ɗalibi zai iya samu, yawancinsu allon da ke cikinsu bai kai ma'aunin Barnack ba, saboda haka tsakiyar siffa kawai suke kamawa. A na Nikon da Sony da Fujifilm sai ka ninka lambar ido da 1.5, a na Canon da 1.6, kafin ka san abin da za ka gani. Watau mai 50 a kansu zai yi aikin mai 75 ko 80. Wanda ke da irin wannan kyamara, in yana son abin da na bayyana a sama, mai 35 zai nema, don shi ne zai ba shi kwatankwacin 52 ko 56. A tambayi mai kanti girman allon kafin a yi maganar ido.

Na biyu shi ne mai 28, f/2.8, watau mai faɗin gani. Aikinsa inda bango ya hana ka ja da baya: hoton 'yan aji gaba ɗaya a cikin ajinsu, lungunan kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata inda kake son ramukan rini da marina da shanyar tufafi su taru a hoto guda. Amma yana da hali. Wanda ya tsaya a gefen hoto sai ya fito da faɗi kamar an ja shi, saboda haka kada ka sa shugaban makaranta a can. In ka ɗaga shi sama don ka kama hasumiya, sai ka ga ginin kamar zai faɗi ta baya. Kuma in ba ka sa wani abu a kusa ba, ko tulu ko itace ko mutum, hoton zai zama fili fetal da 'yan ƙananan abubuwa can nesa. Mai 24 yana ɗebo digiri 84, amma waɗannan halaye sun fi tsanani a wurinsa, shi ya sa na tsaya a 28. Gaskiya kuma ita ce, babban idon wayoyin hannu na yanzu faɗinsa kwatankwacin 24 zuwa 26 ne. Wanda ke da waya mai kyau yana iya jinkirta sayen wannan ido har sai ya sami sarari.

Na uku shi ne dogon ido mai miƙewa daga 70 zuwa 200, f/4, irin wanda masu hoto ke kira zum. Akwai wuraren da ƙafa ba ta kai ka. Ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, sa'ad da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jahi gaban sarki, wa zai shiga fili ya ce bari ya matsa kusa? Ko dogarai ba su kore ka ba, kofato ya kore ka. Haka nan ranar wasannin gidaje, mai tsaron gida yana can ƙarshen fili kai kana bakin layi. A irin nan abin da kake ɗauka ne ke matsowa yana nisanta, kai kuwa kana tsaye wuri guda, shi ya sa a wannan ido kaɗai na yarda da zum. Yana da wani kyau kuma: in ka tsaya nesa ka ɗauki jerin mahaya da 200, sai su fito a cunkushe, rawani bayan rawani, mashi bayan mashi, kamar ba rata tsakaninsu.

Zum ya makara zuwa duniya, kuma akwai dalili. A cikinsa akwai gilasai goma sha biyar ko fiye, kuma kowace fuskar gilashi da ba a yi wa shafi ba tana mai da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta. In ka tara fuskoki talatin, hasken da zai isa ciki kaɗan ne, sauran ya warwatse ya sa hoto ya yi fari-fari. Sai da Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya gano shafin da ke rage wannan asara a 1935, shi ne launin nan na shuɗi ko kore da kake gani yana ƙyalli a fuskar ido. Zum na farko da aka yi wa irin waɗannan kyamarori, Zoomar mai 36 zuwa 82, a 1959 ya fito.

Me ya sa f/4, alhali akwai f/2.8? Saboda wuya da aljihu. Tsofaffin masu f/2.8 nauyinsu wajen kilo ɗaya da rabi ne, masu f/4 kuwa kusan rabin haka, ga kuma bambancin kuɗi mai yawa. Abin da za ka samu a kan wannan wahala mataki guda ne na haske, hawa da ƙwallo kuwa da rana ake yinsu, rana kuma ba ta yi mana rowa ba a ƙasar nan. Abin lura da dogon ido shi ne, yadda yake ƙara girman abu haka yake ƙara girman rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada saurin ɗauka ya gaza lambar ido, watau a 200 kada ka sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin 200 na sakan. Tun 1995 Canon ya fito da ido mai wata dabara a ciki da ke rage rawar hannu, yanzu kusan kowa yana yi. Amma dabarar hannunka take riƙewa, ba ta riƙe doki. Doki a guje sai kashi ɗaya cikin 1000.

Bari in ɗan ratse. Dogon ido yana ba mutum ikon ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba. A filin hawa ba laifi, don mahayi ya fito ne a gan shi. Amma a leƙa gidan mutane, ko a ɗauki matar aure a bakin rijiya ba da saninta ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. A yi sallama, a nemi izini.

Na huɗu, wanda na ce sai aljihu ya yarda, shi ne mai 85, f/1.8, idon fuska. A nan ina so in tsaya kaɗan, don akwai abin da mutane da yawa ba su fahimta ba. Kowa ya lura in ya ɗauki kansa da waya hancinsa kan fito ƙato, kunnuwa su shige baya, sai a ɗora wa idon waya laifi. Laifin na kusanci ne. Tsakanin ƙarshen hanci da kunne akwai wajen santimita 10. In kyamara tana santimita 30 daga hanci, kunne yana santimita 40 ke nan, ya fi hanci nisa da kashi ɗaya cikin uku, dole ya fito ƙarami. In ka ja baya mita 2, bambancin ya koma kashi 5 cikin 100, fuska ta daidaita kamar yadda muka saba ganinta. Sai dai daga mita 2 ido mai faɗi zai ɗebo mutum da ɗaki da kaji. Amfanin mai 85 shi ne ya bar ka ka tsaya a wannan nisa, amma kai da kafaɗa su cika hoto. Wannan rata kuma ta dace da mu, domin dattijo ba zai ji daɗi ba yaro ya kawo masa na'ura dab da gemu.

In ka buɗe ƙofarsa duka, fuska za ta fito sarai, abin da ke baya kuwa, ko shanya ce ko tsohon bango, ya narke ya zama launi kawai. Amma fa a kiyaye, don abin da ke fitowa sarai a f/1.8 bai wuce 'yan santimita ba. In ka saita a kan hanci, idanu sun tafi. Kullum a saita a kan idon da ya fi kusa. Hoton nan da ya zaga duniya na yarinya 'yar gudun hijirar Afganistan mai korayen idanu, wanda Steve McCurry ya ɗauka a 1984 ya fito a bangon mujallar National Geographic ta watan Yuni 1985, da ɗan'uwan wannan ido aka ɗauke shi, mai 105, f/2.5. Abin da ya sa na mai da shi na huɗu shi ne zum ɗina ya riga ya bi ta kan 85, da rana zai yi aikin. Sai an shiga ɗaki ne za a ga bambanci, don f/1.8 ya fi f/4 haske kusan ninki biyar. Mai ƙaramin allo kuwa ya huta, mai 50 mai araha ya ishe shi wannan aiki.

Akwai waɗanda na bari a kanti da gangan. Zum ɗin nan mai 18 zuwa 300 da ake cewa ya tara kome, in ka miƙa shi ƙofarsa ta koma f/6.3, rana na faɗuwa ya zama kaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Mai 50, f/1.2 kuwa, haskensa ya ninka na f/1.8 sau biyu da ɗan ɗoriya ne kawai, amma sabon na Canon nauyinsa giram 950, kuɗinsa kuma ya sayi ƙaramin sau da yawa. Mai son jin inda wannan tsere ya kai, Zeiss ya taɓa yin mai f/0.7 a shekarun 1960, guda goma kacal, Stanley Kubrick ya yi amfani da irinsa ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir. Manyan nan masu 400 ko 600 na ɗaukar giwayen Yankari da tsuntsaye, wanda zai je sau ɗaya a shekara gara ya ara ko ya yi haya. Masu son hoton fara da furen kuɓewa don darasin kimiyyar halittu kuwa, ba sai sun sayi idon duban kusa ba tukuna. Akwai wani zobe mai araha da ake juya mai 50 da shi, gabansa ya koma baya, sai ga ƙafar tururuwa da gashinta.

Ga iyayenmu da za su yi sayayya, shawarata ita ce kada kuɗi ya ƙare a kan jikin kyamara. Jiki yana tsufa da sauri, bayan 'yan shekaru an fito da wanda ya fi shi, ido kuwa in an kula da shi ya yi shekara arba'in. Idanun Nikon na ƙarshen shekarun 1970 har yau akwai masu aiki da su. Sai dai kowane kamfani da irin bakin da ido ke ɗaurewa a kai, na wannan ba ya shiga na wancan. Ko a gida ɗaya ma akan canza: Nikon ya fito da baki mai suna F a 1959, Canon ya bar FD ya koma EF a 1987, sa'an nan a 2018 dukansu biyu suka fito da sababbin bakuna don kyamarorin da ba su da madubi a ciki, Canon RF, Nikon Z. Akwai zoben da ke ɗaura tsohon ido a sabon jiki, amma sabon ido ba ya hawa tsohon jiki. Saboda haka a tafi kanti da kyamarar a hannu, a ɗaura a gwada.

Sayen na hannu ba aibu ba ne, mai 50 da mai 28 suna da yawa a kasuwa. A buɗe murafu biyu, a haska tocila ta baya a duba ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana kome. Amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashi, fumfuna ce, tana cin shafin nan, a ajiye shi. In gilashin ya yi hazo daga ciki, ko ka ga mai yana ƙyalli a kan faifan ƙofa, shi ma a bar shi. A murza zoben saiti a ji yana tafiya sumul ba ya cijewa.

Ƙasarmu tana da abokan gābar ido guda biyu. Da hunturu ƙura ce. Kada a goge gilashi da bakin riga, don yashi ya fi gilashi tauri, abin da kake yi kankara ne. A fara hure shi da 'yar robar hura iska, sa'an nan a shafa da tsumma mai laushi wanda ba a yin kome da shi sai wannan. In za a canza ido a juya wa iska baya, a kifa bakin kyamara ƙasa, a yi maza. A filin hawa kuwa, inda ƙurar kofato ke turnuƙewa, ni tun daga gida nake ɗaura zum, ba na cire shi sai na koma. Da damina kuma laima ce, ita ke kawo fumfuna. Kada a bar ido a jakar fata a ƙarƙashin gado wata da watanni. A sa shi a roba mai murfi wadda iska ba ta shiga, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma duk mako biyu a fito da shi ya sha iska da haske.